Ƙarfen da zai jure shekara 60: Gwajin da ƙananan tashoshin nukiliya ke jira

A watan Nuwamban 1986, masana a cibiyar bincike ta Oak Ridge da ke jihar Tennessee a Amurka sun gwada wasu 'yan guntayen ƙarfe da suka ciro daga wata tukunyar nukiliya mai suna HFIR. Tun farko an ajiye guntayen a ciki ne domin su riƙa shan irin wahalar da bangon tukunyar ke sha.

Sakamakon ya tayar da hankali, domin ƙarfen na yin gautsi da sauri fiye da yadda lissafi ya nuna. Aka kashe tukunyar. Ba ta sake aiki ba sai a 1989, kuma aka rage ƙarfinta daga megawat 100 zuwa 85, inda take har yau.

Wanda ya kalli ƙarfen da ido ba zai ga tsatsa ko tsagewa ba. Ɓarnar tana can ciki, tsakanin ƙwayoyin zarra.

Wannan matsala ce ke gaban kamfanonin da ke tallata ƙananan tashoshin nukiliya, waɗanda ake kira SMR a taƙaice. Kafin hukuma ta ba su lasisi, sai sun nuna cewa ƙarfen da za su yi amfani da shi zai kai shekara 60 ko fiye bai gaza ba. Babu mai jiran shekara 60, saboda haka ake tsufar da ƙarfen da gangan a wasu tukwane na musamman. Tukwanen kuwa ba su da yawa, kuma akasarinsu sun tsufa.

Waɗanne ne ƙananan tashoshin?

Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, na kiran tukunya ƙarama idan lantarkin da take bayarwa bai wuce megawat 300 ba, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na babbar tukunya. Manufar ita ce a ƙera sassanta a masana'anta, a ɗauko su a mota ko jirgin ruwa, a haɗa a inda ake buƙata.

Akwai zane sama da 80 a duniya, amma waɗanda ke aiki ba su taka kara sun karya ba. Rasha na da tashar Akademik Lomonosov mai tukwane biyu a kan jirgin ruwa, wadda ke bai wa garin Pevek lantarki tun ƙarshen 2019. Sin ta fara sayar da wutar tashar HTR-PM da ke lardin Shandong a Disamban 2023. A Kanada, an amince a 2025 da gina tukunyar BWRX-300 a Darlington, kuma ana sa ran ta fara aiki a 2030.

Akwai kuma wanda ya rushe. A Nuwamban 2023 aka soke aikin farko na kamfanin NuScale a jihar Idaho bayan kuɗinsa ya haura dala biliyan 9. Duk da haka kuɗi na ci gaba da shiga harkar. A Oktoban 2024, Google ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Kairos Power, Amazon kuma ya zuba jari a X-energy, dukansu suna neman wutar da za ta riƙe cibiyoyinsu na kwamfuta.

Abin da nutiron ke yi wa ƙarfe

Idan ƙwayar zarrar yuraniyom ta tsage, takan saki zafi da kuma wasu 'yan ƙwayoyi biyu ko uku da ake kira nutiron. Gudun kowane ya kai kusan kilomita 20,000 a daƙiƙa ɗaya. Da yake ba ya ɗauke da caji, yakan ratsa cikin ƙarfe har sai ya yi karo da wata ƙwayar zarra.

Ƙwayoyin zarrar ƙarfe a jere suke sahu-sahu, kamar buhunan da aka tsara a sito. Wadda nutiron ya doka takan fice daga gurbinta da ƙarfi, ta ture ɗaruruwa kafin ta tsaya. Mafi yawansu kan koma gurbi nan take. Kaɗan kan maƙale a inda bai kamata ba, su bar gurabe babu kowa. Waɗannan 'yan kaɗan ne ke taruwa shekara da shekaru.

Masana na auna wannan duka da wani ma'auni da suke kira dpa. Idan aka ce ƙarfe ya sha dpa 1, ana nufin an ture kowace ƙwayar zarra da ke cikinsa daga gurbinta sau ɗaya, idan aka yi lissafin tsaka-tsaki. Bangon babbar tukunya mai aiki da ruwa yakan sha kusan dpa 0.1 ne a tsawon rayuwarsa. Ƙarafan da ke dab da makamashin kan sha gomomi. A sabbin tukwane masu nutiron mai saurin gudu kuwa, ana neman bututun da zai jure dpa 200 ko fiye.

Ɓarnar na zuwa ta hanyoyi da dama. Ta farko ita ce gautsi: ƙarfen ya ƙara tauri amma ya daina lanƙwasa, idan aka matsa masa sai ya karye kamar tangaran. Ta biyu kumburi ne, inda guraben da aka bari ke haɗuwa su zama 'yan ramuka, ƙarfen ya ƙara girma. Ta uku, ƙarfen da ke ɗauke da nauyi ya riƙa miƙewa a hankali har ƙusoshin da aka ɗaure su saki. Ta huɗu, nutiron kan mayar da wasu sinadaran da ke cikin ƙarfen, irin su nikel da boron, su haifar da iskar hiliyam. Iskar ta taru a matsayin kumfa, ta raunana ƙarfen, har yi masa walda daga baya ya zama da wuya.

Gautsi ya fi ba injiniyoyi tsoro. Babbar tukunya mai matsattsen ruwa na aiki a zafin kusan digiri 300 a ma'aunin Selsiyos, da matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa sau 150 da ɗoriya. Idan aka samu matsala, na'urorin gaggawa kan kwarara ruwan sanyi a ciki. Duk wanda ya taɓa zuba ruwan sanyi a kofin gilashi mai zafi ya san abin da ke iya biyo baya. Ƙarfe mai lafiya zai jure. Wanda ya yi gautsi, idan akwai 'yar tsaga a jikinsa, tana iya buɗewa. Tukunyar kuma ita ce sashen da ba a iya canzawa, shi ya sa tsawon ranta ne tsawon ran tashar.

Darussan da aka koya da tsada

Tun a 1942 masanin kimiyya Eugene Wigner ya yi gargaɗin cewa nutiron zai ɓata girafayit, wato baƙin ma'adinin da ake sa wa a fensir, wanda ake amfani da shi wajen rage gudun nutiron. Girafayit ɗin kan tara makamashi a ɓoye. A Oktoban 1957, lokacin da ma'aikata ke ƙoƙarin fitar da wannan makamashi a Windscale da ke Ingila, gobara ta tashi a tukunyar. Sai da aka zubar da madarar gonakin da ke faɗin kusan murabba'in kilomita 500.

A 1967, wasu masana biyu a Dounreay da ke Skotlan, Cawthorne da Fulton, suka gano 'yan ramuka a cikin ƙarfe marar tsatsa da aka ciro daga tukunya. Babu wanda ya yi hasashen haka. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna cewa irin wannan ƙarfe na iya kumbura da kashi gomomi cikin ɗari, lamarin da ya tilasta sake zanen tukwane masu nutiron mai sauri a ƙasashe da dama.

Daga baya kuma aka gano cewa ɗan jan ƙarfen da ake shafa wa wayar walda don hana ta tsatsa shi ne ke hanzarta gautsi a tsoffin tukwane. Nutiron kan sa jan ƙarfen ya dunƙule ya zama 'yan ƙulli a cikin waldar. Shakku kan lafiyar tukunya na cikin abin da ya sa aka rufe tashar Yankee Rowe ta Amurka a 1992, lasisinta bai ƙare ba. Rasha ta bi wata hanyar. Tun daga 1987 take gasa tsoffin tukwanenta a zafin kusan digiri 475 na tsawon kwanaki, domin ƙwayoyin zarrar su koma gurbinsu. Finlan ma ta yi haka a tashar Loviisa a 1996.

Tukunyar narkakken gishiri da aka gwada a Oak Ridge daga 1965 zuwa 1969 ta yi aiki yadda ake so. Sai bayan an yanka ƙarfenta mai suna Hastelloy N aka ga 'yan tsage-tsage a fuskarsa, waɗanda sinadarin teluriyam da ke fitowa daga tsagewar yuraniyom ya haddasa. A baya-bayan nan, tashar Hunterston B ta Skotlan ta daina aiki a Janairun 2022 bayan tsage-tsage sun yawaita a bulon girafayit ɗinta.

A akasarin waɗannan, ɓarnar ta zo ta inda lissafi bai hango ba, ko ta zo da wuri fiye da yadda aka zata. Shi ya sa hukumomi ke dagewa sai sun ga sakamakon gwaji.

Yadda ake gwajin

A hamadar Idaho akwai tukunyar gwaji mafi ƙarfi a Amurka, ATR, mai megawat 250, wadda ke aiki tun 1967. Ba ta bayar da lantarki. Aikinta kawai ta samar da nutiron mai yawa. An lanƙwasa makamashinta kamar ganye mai kunne huɗu, ta yadda za a iya yin gwaji daban-daban a kowane lungu a lokaci guda. Rundunar sojin ruwan Amurka ce babbar mai amfani da ita, saura kuma su bi layi.

Ana yanka samfurin ƙarfe ƙanana, a jera su a cikin kwanso, a rufe. Zafi na da muhimmanci ƙwarai, domin ƙarfen da aka doka a digiri 300 da wanda aka doka a digiri 500 ba iri ɗaya suke lalacewa ba. Don daidaita zafin, akan bar ɗan siririn fili tsakanin samfurin da bangon kwanson, a cika shi da gaurayen iskar hiliyam da niyon ko argon. Hiliyam na fitar da zafi da sauri, sauran biyun na riƙe shi. Akan kuma sa 'yan wayoyi da aka san zafin da kowace ke narkewa, don a tabbatar daga baya iya inda zafin ya kai. A HFIR akwai wasu ƙananan kwanso da ma'aikata ke yi wa laƙabi da "zomo", waɗanda ake iya turawa ta bututu a kuma ciro su tukunyar na cikin aiki.

Samfurin kan yi watanni ko shekaru a ciki. Idan ya fito, tururin nukiliyar da yake fitarwa na iya kashe mutum, saboda haka sai an bar shi ya huce, sannan a ɗauke shi a cikin akwatin dalma mai nauyin tan da yawa zuwa wani ɗaki na musamman. A Idaho, kaurin bango da tagogin irin wannan ɗaki ya kai mita 1.2. Ma'aikaci na tsaye a waje, yana leƙe ta taga, yana sarrafa hannayen inji da ke ciki. Ɗaure ƙusa ɗaya na iya cin lokacin da a waje za a ɗaure goma.

Babban gwajin gautsi tsoho ne, yana ɗauke da sunan Bafaranshe Georges Charpy tun 1901. Ana ɗaukar ɗan sandan ƙarfe mai tsawon milimita 55 da kaurin milimita 10, a yi masa ɗan tsaga a tsakiya, a sako masa guduma mai lilo. Idan gudumar ta karya shi ta wuce sama sosai, ƙarfen bai ci ƙarfinta ba, ke nan ya yi gautsi. Akan maimaita a zafi daban-daban don gano inda ƙarfen ke sauyawa daga mai lanƙwasa zuwa mai karyewa. A sabon ƙarfe, wannan iyaka na can ƙasa da sanyin ƙanƙara. Bayan dukan nutiron tana iya hawa da digiri 100 ko fiye.

Daga nan sai na'urorin hangen ƙananan abubuwa. Akan fere ƙarfen ya zama allurar da tsininta bai kai nanomita 100 ba, alhali silin gashin mutum ya kai nanomita dubu gomomi. Na'ura ta riƙa cire ƙwayoyin zarra ɗaya bayan ɗaya tana zana taswirar inda kowace take. Ta haka ake ganin ƙullin jan ƙarfe, nikel da manganis da faɗinsu bai wuce nanomita 2 ko 3 ba.

Ko bayan an gina tasha gwajin bai ƙare ba. Akan rataye kwanson samfuri a cikin tukunyar, kusa da makamashin fiye da bangon, domin su riga bangon tsufa. Bayan wasu shekaru a ciro ɗaya a karya.

Me ya sa ƙananan ke buƙatar sabon gwaji?

Ƙananan tukwane masu aiki da ruwa, irin BWRX-300 da na NuScale da na Rolls-Royce, sun fi samun sauƙi. Ƙarafansu sanannu ne, akwai bayanan shekaru gomomi a kansu. Amma su ma akwai sabon abu. A ƙaramar tukunya komai a matse yake, kuma zafin aiki na iya bambanta da na manyan. Sannan alƙawarin arha ya dogara ne da sabbin hanyoyin ƙira.

A 2024, kamfanin Sheffield Forgemasters na Ingila ya sanar da cewa ya haɗa samfurin tukunya mai faɗin mita 3 da kaurin milimita 200 da walda huɗu cikin ƙasa da awa 24, ta hanyar harba ƙwayoyin lantarki. A tsohuwar hanya aikin kan kai shekara guda. Akwai kuma masu matse garin ƙarfe ya zama sashe guda, da masu buga sassa da na'urar ɗab'i mai fitar da abu cikakke. A 2021 an sa wasu 'yan maɗaurai da aka buga ta wannan hanya a tashar Browns Ferry da ke jihar Alabama, don a ga yadda za su kasance bayan shekaru. Sinadaran ƙarfen na iya zama ɗaya da na da, amma tsarin cikinsa ya bambanta, kuma a kan tsarin cikin ne nutiron ke aiki.

Wahalar ta fi yawa ga tukwanen da ba sa amfani da ruwa. HTR-PM ta Sin na fitar da iskar hiliyam mai zafin digiri 750. Tukunyar gwaji ta Hermes, wadda Kairos ya samu izinin ginawa a Oak Ridge a Disamban 2023, narkakken gishiri ne zai sanyaya ta. Tashar Natrium mai megawat 345 da kamfanin TerraPower na Bill Gates ke shirin kafawa a jihar Wyoming za ta yi amfani da narkakken sodiyam. A nan ƙarfe na fuskantar abu uku lokaci guda: zafi mai tsanani, ruwan da ke cin ƙarfe, da dukan nutiron.

Ƙarafan da aka amince da su don irin wannan zafi 'yan kaɗan ne. Kundin ƙa'idojin ƙungiyar injiniyoyin Amurka, ASME, wanda ƙasashe da yawa ke bi, ya daɗe da ƙarfe biyar kacal a wannan rukuni. Na shida, mai suna Alloy 617, wanda ke jure digiri 950, ya shiga ne bayan aikin shekara 12 da ya ci dala miliyan 15. Shi ne sabon ƙarfe na farko da ya shiga rukunin cikin kusan shekara 30. Wannan ne ya sa kamfanoni irin Kairos suka zaɓi tsohon ƙarfe marar tsatsa mai lamba 316H, suka daidaita zanensu da shi, maimakon jiran sabo.

Girafayit ma haka. Nau'in da Amurka ta yi amfani da shi a da an daina yin sa, kuma halin girafayit ya danganta da irin ɗanyen kayan da aka haɗa shi da su. A ƙarƙashin dukan nutiron yakan fara tsukewa, daga baya ya juya ya kama kumbura. Tun 2009 ake gwada sabbin nau'o'i a ATR don gano inda wannan juyi yake.

Layi ya yi tsawo

Lissafin ba shi da wuya. Tukwanen gwaji masu ƙarfi irin HFIR kan yi wa ƙarfe dukan kusan dpa 10 a shekara. Mai neman dpa 200 zai jira shekara 20. Tukunya mai nutiron mai sauri kan ninka wannan, ta rage jiran zuwa kusan shekara 10.

Sai dai wuraren na raguwa. Faransa ta rufe OSIRIS a 2015. Kanada ta rufe NRU a Maris ɗin 2018. A wannan shekarar kuma Norway ta rufe tukunyar Halden, wadda aka gina a cikin dutse, wadda ƙasashe kusan 20 suka dogara da ita tun ƙarshen shekarun 1950. Waɗanda suka rage a Turai, irin BR2 ta Beljiyam da HFR ta Petten a Holan, tun farkon shekarun 1960 suke aiki. Tukunyar Jules Horowitz da Faransa ke ginawa a Cadarache, wadda aka so ta fara aiki a 2014, yanzu sai cikin shekarun 2030.

Ta fuskar nutiron mai sauri abin ya fi muni ga ƙasashen Yamma. Amurka ta kashe tukwanenta biyu, FFTF da EBR-II, a farkon shekarun 1990. Faransa ta kashe Phénix a 2009. Joyo ta Japan na tsaye tun 2007, ana ƙoƙarin tayar da ita. Shi ya sa TerraPower ya kai samfurin ƙarfensa Rasha, zuwa tukunyar BOR-60 da ke Dimitrovgrad, mai aiki tun 1969. Yaƙin Yukren da takunkumin da suka biyo baya daga 2022 sun sa wannan ƙofa ta yi wuyar shiga. Shirin Amurka na gina sabuwar tukunyar gwaji mai suna VTR ya tsaya bayan majalisar dokoki ta hana shi kuɗi a kasafin 2022. Rasha kuwa na gina magajiyar BOR-60, mai suna MBIR, mai megawat 150.

Bayan rufe Halden, hukumar nukiliya ta ƙungiyar OECD ta kafa wani tsari a 2021 mai suna FIDES, inda ƙasashe ke haɗa kuɗi su raba gwaje-gwaje a tukwanen da suka rage.

Hanyar ratse

Akwai dabarar rage jira. Maimakon nutiron, akan harba wa samfurin ƙwayoyin zarrar ƙarfe masu caji daga wata na'ura. Jami'ar Michigan na cikin waɗanda suka yi fice a wannan. Cikin kwana ɗaya ko biyu ana iya kai dpa 100, kuma samfurin ba ya fitar da tururi mai haɗari, ana iya ɗaukarsa da hannu.

Amma ɓarnar ba ta shiga ciki fiye da maikuromita 1 ko 2, wato ƙasa ƙwarai da kaurin silin gashi. Ba a iya gwajin guduma a kan wannan. Sannan dukan da aka yi cikin kwana ɗaya ba ya barin irin tabon da na shekara 10 ke bari, domin ƙwayoyin zarra ba su samu lokacin yawo da dunƙulewa ba. Masana kan ƙara zafi, su kuma harba hiliyam tare, don sakamakon ya kusanci na gaskiya. Hanyar na da amfani wajen tace ƙarafa, a zubar da marasa kyau tun da wuri. Wajen bayar da lasisi kuwa, hukumomi har yanzu suna neman bayanan da aka samo daga nutiron.

Inda abin ya shafi Gana, Najeriya da Nijar

A Agustan 2024, kamfanin gwamnatin Gana mai kula da shirin nukiliya ya sa hannu kan yarjejeniya da kamfanin Regnum na Amurka don kafa tasha mai ƙananan tukwane 12 na NuScale. Nijar, wadda ake haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971, ta sa hannu kan takardar fahimtar juna da Rasha kan nukiliyar farar hula a Yulin 2025. Najeriya ta daɗe da ware Geregu a jihar Kogi da Itu a jihar Akwa Ibom, kuma ta ƙulla yarjejeniyoyi da Rosatom a 2017.

Dalilin da ya sa ƙananan tukwane ke jan hankali a yankin a fili yake. Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce kada inji ɗaya ya wuce kusan kashi 10 cikin 100 na wutar da ke kan layin ƙasa, domin idan ya tsaya kwatsam yana iya jan layin gaba ɗaya ya faɗi. Layin Najeriya na ɗaukar megawat 4,000 zuwa 5,000 ne a mafi yawan lokaci. Tukunya mai megawat 1,200 ta yi masa girma, mai 300 kuwa za ta shiga.

Najeriya na da tukunyar bincike guda ɗaya, NIRR-1, a Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ta fara aiki a 2004, kuma a 2018 aka sauya makamashinta zuwa yuraniyom marar ƙarfi, aka mayar da tsohon Sin. Gana na da irinta a Kwabenya kusa da Akara. Ƙarfin kowace kusan kilowat 30 ne, wato ATR ta ninka ta fiye da sau 7,000. Suna da amfani wajen horar da ɗalibai da gano sinadaran da ke cikin ƙasa, ma'adinai da abinci, amma ba za su iya tsufar da ƙarfen tukunya ba. A Afirka kudu da Sahara, wadda ta kai wannan matsayi ita ce SAFARI-1 mai megawat 20 a Pelindaba ta Afirka ta Kudu, ita ma tun 1965 take aiki.

Ke nan duk ƙasar yankin da ta sayi ƙaramar tukunya za ta dogara ne da gwajin da aka yi a wata ƙasa. Nauyin tantance shi zai hau kan hukumominta, kamar Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Najeriya, NNRA, wadda ta fara aiki a 2001. Akwai tambayoyin da dole ta iya yi wa mai sayarwa. Wane ƙarfe ne, kuma ta wace hanya aka ƙera shi? Dpa nawa aka kai a gwaji, a wane zafi, da nutiron ko da na'urar harbi? Kwanson samfuri nawa za a rataye a cikin tukunyar? Idan lokacin ciro su ya yi, a ina za a karya su, wa zai biya kuɗin jigilarsu, kuma wa zai riƙe sakamakon?

Afirka ta Kudu ta nuna amfanin samun masanan gida. A Yulin 2024, hukumarta ta ƙara wa tukunya ta ɗaya a tashar Koeberg, wadda ke aiki tun 1984, wa'adin shekara 20 bayan nazarin lafiyar tashar. Tukunyar da za a kunna a Gana ko Najeriya a shekarun 2030 za ta kai ƙarshen wannan ƙarni tana aiki. Waɗanda za su karya samfuranta na ƙarshe, su yanke hukuncin ko ta ci gaba ko a kashe ta, yawancinsu ba a ma haife su ba tukuna. Malaman da za su koyar da su ne ke ajin kimiyyar ƙarafa a Zariya da Akara a yau.